Muryata ce ta ja ƙanwar mijina cikin asara

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a Garwa, shekaruna 31, 'ya'yana uku. Ina sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida, kuma ni ce uwar adashin matan layinmu, mu goma sha biyu. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ina son sanin harkar kuɗi. Idan dare ya yi yara sun kwanta sai in ɗauki waya in yi ta kallon masu koyar da tattali da juya kuɗi a Facebook da TikTok. Abin da na ji ya kwanta mini sai in maimaita shi da Hausa, in tura wa matan adashinmu ta murya. Tun ana mu-ya-mu har saƙon ya riƙa yawo, matan da ban taɓa gani ba suna kirana daga garuruwan Gidar da Marwa.

Bara wani da nake bi ya tallata wata manhaja, wai ka zuba kuɗi a ba ka ribar kashi 20 cikin 100 duk wata. Na sa sefa dubu 150, wata biyu a jere ina karɓar dubu 30. Na yi murya na ba da labari. Ƙanwar maigidana ta ji, ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da abin da take tarawa na kayan ɗakinta, ta zuba dubu 200 ta hanyata, aka ba ni la'adar dubu 20 na kawo ta. Ko dala ba ta karɓa ba. A wata na uku aka ce sai an biya wani haraji kafin a cire kuɗi, bayan mako guda manhajar ta daina buɗewa.

Yanzu ba ta gaishe ni, surukata ta sauya mini fuska, maigida ya ce in bar surutun wayar nan gaba ɗaya. Ba wanda ya san maganar dubu 20 ɗin. Ga wani ya kira ni ya ce zai fito mana da kuɗinmu in na tura dubu 30 na aiki. Wani kuma ya ce zai riƙa ba ni dubu 25 duk mako in tallata tasa manhajar, har da rantsuwa cewa tasa mai rajista ce. Na yi tunanin in karɓa in biya ta da shi. Yaya, yaya ake gane mai gaskiya a intanet? Kuma ni da na jefa wata cikin asara, ina da sauran bakin yi wa mata maganar kuɗi?

Wata baiwar Allah, Garwa

Wa alaikis salam, ƙanwata. Allah ya mayar muku da alheri, ya sanyaya zukata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a karo na biyun ne na lura da yadda kika cusa maganar dubu 20 ɗin nan a tsakiya, kika wuce da sauri kamar mai taka garwashi. Ina jin ita ce ke hana ki barci, fiye da dubu 90 ɗin da suka salwanta daga jarinki. Za mu zo kanta. Amma bari in fara cire miki wata ƙaya: ba ƙarancin karatu ne ya kai ki ba. Na yi shekaru a bayan kanta ina ƙirga kuɗin jama'a a wani ƙaramin banki, na ga malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da alhazan kasuwa suna zuwa da rawar jiki su kwashe ajiyarsu za su kai inda aka yi musu alkawarin ninki, mu yi magana su ɗauka baƙin ciki muke yi. Da hukuma ta rufe MIDA, wata ƙungiya mai karɓar kuɗin jama'a da alkawarin ninki, a Yawunde a 2018, dubban mutanen da suka yi dafifi suna neman kuɗinsu har da 'yan boko a cikinsu.

Mutanen nan biyu da suka kira ki su ne gaggawa, don haka da su zan soma. Na farkon, mai cewa zai fito da kuɗi, kada ki tura masa ko sisi. Ki tambayi kanki inda ya samo lambarki, da yadda ya san kin yi asara. Sunayen waɗanda aka damfara kaya ne a wurin mutanen nan, ana ajiyewa ana kuma miƙa wa juna, don sun san wanda ya yi asara ya fi kowa saurin miƙa hannu ga duk igiyar da aka wurgo masa. In kika tura dubu 30, jibi za a ce saura dubu 50 na lauya. Harajin nan da aka nema a wata na uku ma irin dabarar ce, tatsar ƙarshe kafin a gudu.

Na biyun ya fi haɗari, domin shi da kuɗi ya zo. Dubu 25 duk mako, dubu 100 ke nan a wata, ya fi albashin mutane da yawa da ke fita aiki tun safe. Me kike da shi da ya kai wannan farashi? Ba muryarki yake saye ba. Yardar da matan Gidar da Marwa suka yi miki yake so ya saya, kuma daga aljihunsu zai ciro abin da zai biya ki. Ki biya ƙanwar maigidanki da wannan kuɗi, kin kwashi na mata ashirin kin toshe ramin mace ɗaya, su kuma ashirin ɗin ƙofarki za su zo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai maganar rajista, wadda da ita ake cin mutane da yawa. A Kamaru buɗe kamfani ba wuya ba ne. Ofisoshin CFCE da aka kafa domin haka kwana uku suke ɗauka su ba mutum takardar rajistar kasuwanci, irin wadda mai sayar da siminti ko mai gidan burodi yake da ita. Wannan takarda ba ta ba kowa izinin karɓar ajiyar jama'a. Wanda zai karɓi ajiya, banki ne ko ƙaramin banki, sai ya sami takardar izini ta daban, wadda ake kira agrément da Faransanci, daga hannun Ministan Kuɗi bayan hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan ƙasashe shida na ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya ta amince. Ma'aikatar Kuɗi tana fitar da jerin sunayen ƙananan bankunan da ke da izinin. Wanda kuma yake kiran jama'a su zuba jari a ba su riba, hukumarsa COSUMAF ce, mai mazauni a Libreville, kuma ita ma takan fitar da sanarwar gargaɗi da sunayen masu tara kuɗin mutane ba da izini ba. Tun a 2020 ta ambaci wani tsarin zuba jari mai suna Liyeplimal a irin wannan sanarwa, mutane suka toshe kunne, daga baya kuɗinsu suka maƙale. Saboda haka duk wanda ya ce miki yana da rajista, ki ce masa: wace hukuma ce ta ba ka izini, mece ce lambarsa, ina ofishinka a Garwa in zo in gani a bango? Hoton takarda a WhatsApp ba hujja ba ne, yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa miki shi kafin shayi ya huce. Kuma ko mai izinin ba ma'asumi ba ne, wani ƙaramin banki mai suna Cofinest yana da izini ya durƙushe a 2011 da kuɗin mutane. Bambancin shi ne akwai ƙofar da za a buga. Ajiyar banki ma akwai asusun FOGADAC da ke tsaya mata har sefa miliyan 5 ga kowane mai ajiya idan bankin ya faɗi. Manhajar da ba a san mai ita ba, babu wanda ya tsaya mata.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don wannan lissafin shi ne makamin da ba ya buƙatar Faransanci. A ce kin zuba dubu 100 a kan ribar kashi 20 duk wata, ba kya cire komai. Shekara guda kuɗin sun kusa dubu 900. Shekara uku sun haura miliyan 70. Shekara biyar sun wuce biliyan 5. Wace sana'a kika sani a duniya mai haihuwa haka? Albasa ce, ko shanu, ko auduga? Ke da kike sayar da atamfa kin san wahalar da ake sha kafin turmi ɗaya ya bar miki dubu guda. Gwamnatin Kamaru da kanta, da ta nemi rance a hannun jama'a a 2022, kashi 6.25 ta yi alkawari, a shekara ba a wata ba. Da mai manhajar nan yana da sana'ar da ke ba da kashi 20 a wata, bankuna ne za su yi layi a ƙofarsa, ba zai tsaya farautar tumakin budurwa a Garwa ba.

To ina dubu 60 ɗin da kika karɓa suka fito? Daga kuɗinki da na waɗanda suka shigo bayanki. Dabarar tsohuwa ce. Wani mai suna Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka a 1920, yana alkawarin kashi 50 cikin kwana 45, har sunansa ya zama sunan damfarar. MMM ta yi ta a Najeriya ta daskare a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Riga kawai ake sauyawa. Ana biyan na farko da gangan, musamman irinki mai baki a cikin jama'a, domin shaidar wadda ta karɓa da hannunta ta fi kowace talla. Tsaba aka watsa miki, ke kuma cikin kyakkyawar niyya kika kira sauran kaji.

Kin tambaye ni yadda ake gane mai gaskiya. Ni tambaya ɗaya nake fara yi wa duk wanda na gani a waya yana koyar da kuɗi: shi ina yake samun nasa? Kowa da inda yake ci, kuma cin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Dillalin kasuwar shanu kin san la'adarsa, don haka kin san yadda za ki auna yabon da yake wa saniya. Mai bidiyon da ya ƙare da "ku shiga ta wannan hanyar tawa" ko "ku sa lambata wajen rajista" dillali ne da bai faɗi sunansa ba, duk kan da ya shigo ana biyansa, ki ci riba ko ki faɗi shi ya riga ya karɓa. Wanda kullum yana jingine da mota yana ƙirga damin kuɗi, wannan kwaɗayi yake sayarwa, mota kuwa ana haya. Wanda ya ce gobe za a rufe, ko saura gurbi biyar, so yake ki zuba kafin ki yi shawara. Wanda ya ce kada ki gaya wa maigida sai riba ta fito, ki toshe lambarsa a take. Na kirkin sukan gundure ki ma. Za ki ji suna maganar rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, suna faɗin inda suka taɓa faɗuwa, suna nuna miki inda za ki je ki tabbatar da kanki, ba sa cewa ki turo komai.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe mu mu Hausawan wannan ɓangare, wanda ba damfara ba ne amma yana ɓatar da mutane. Yawancin masu bayanin kuɗi da Hausa 'yan Najeriya ne, da yawansu mutanen kirki, sai dai da naira suke tunani. Tun da babban bankinsu ya saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, don haka in ɗan Kano ya ce kada ka kwana da kuɗi a hannu, ka mayar da su dala, yana da dalilinsa. Ke kuwa sefa ce a hannunki, a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999. Ba wai ba ta taɓa girgiza ba, manya suna tuna Janairun 1994 da aka kwana aka tashi an rage mata rabin daraja. Amma abin da ke cin kuɗinki yau tsadar kaya ce, wadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ta kai kashi 7.4 a 2023. Haka nan izinin da wata hukuma ta bayar a Abuja ba ya kare ki a Garwa, in abu ya lalace ba ki da inda za ki kai kuka. Masu kiran ki zuwa kuɗin intanet da ake kira kirifto ma ki sani tun Mayun 2022 COBAC ta hana bankuna da ƙananan bankuna da kamfanonin tura kuɗi na yankinmu taɓa shi, wanda ya shiga shi kaɗai ya shiga. Duk bidiyon da za ki kalla, ki fara duba daga wace ƙasa mai maganar yake, kuma yaushe ya yi ta.

Na san matsalar ita ce sahihin bayani da Faransanci yake, cikin dogon turanci mai sa ciwon kai. To ki samo ɗan'uwa ko ɗan maƙwabta mai karatu a jami'a, ki ba shi kuɗin data, ya buɗe miki shafukan Ma'aikatar Kuɗi da babban bankin yankinmu BEAC da COSUMAF ya karanta miki da Hausa. Sauran kuma ƙafa ce. Ki sa hijabinki ki shiga banki biyu ko uku, ki ce a ba ki takardar kuɗaɗen da suke cira, ki tambayi nawa ake yanka duk wata, nawa ne in za ki rufe asusun. Ba a biyan kuɗin tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. In kuɗin ruwa kike gudu, wasu bankunan ƙasar nan sun buɗe sashen mu'amala irin ta Musulunci, ki tambaya, sannan ki kai takardar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ba kowane mai rawani ba. Ki leƙa ofishin CNPS ma, hukumar da ke kula da fansho. Tun 2014 suka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar zubin fansho na ganin dama, kashi 8.4 na abin da mutum ya bayyana yana samu, abin da matan kasuwa da yawa ba su taɓa ji ba. Kada kuma ki raina hajiyar nan ta babbar kasuwa da ta shekara talatin tana juya jari bai karye ba. Awa ɗaya a gefen tabarmarta ya fi miki bidiyo ɗari, ko da yake ita ba za ta ce ki danna komai ba.

Mu dawo gida, inda ciwon yake. Ki sa kanki a matsayin yarinyar nan. Ba kuɗi kawai ta rasa ba. Tumakin da ta yi kiwo ne da hannunta, da gadon da kwanukan da take ƙirgawa a zuci za ta shiga da su ɗakin miji ba tare da an yi mata gori ba. Kuma ba manhaja ta yarda da ita ba, ke ta yarda da ke, matar yayanta. Rashin gaisuwar nan kada ki ɗauke shi raini, baƙin ciki ne da bai sami inda zai sauka ba sai kanki. Surukarki kuma uwa ce, 'yarta take gani tana kuka. Ban ce yarinyar ba ta da nata kason ba, ba wanda ya ɗaure ta ya kai tumakin kasuwa, amma ba ke ce za ki faɗa mata haka ba, kuma ba yanzu ba.

Ki koma ki saurari saƙon da kika yi wancan lokaci, da duk abin da kuka yi magana ke da ita. Kin ce mata "ni na gwada na samu", ko kuwa kin ce "zuba, in ya ɓace ni zan biya"? Tsakanin biyun akwai nisa. In kin lamunce mata, mai lamuni biya yake yi, dubu 200 ɗin bashi ne a wuyanki. In labari kawai kika bayar, ki kai maganar gaban malami ya faɗa muku hukunci, har da matsayin dubu 60 ɗin da kika karɓa. Amma dubu 20 ɗin nan ba sa jiran fatawa. Daga cikin kuɗin tumakinta aka yanko aka ba ki, nata ne, ki mayar mata.

Maigida za ki fara gaya wa, kafin kowa. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki ajiye masa takarda a gabansa: ga abin da na zuba, ga abin da na karɓa, ga la'adar da aka ba ni a kan ƙanwarka, na ɓoye don kunya. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Ya ji daga bakinki ya fi ya ji daga wani, kuma irin wannan magana ba ta ɓoyuwa har abada, akwai matan da suka san yadda tsarin la'adar yake. Daga nan ku je tare, ko ki tafi da wata gwaggo da gidan ke jin nauyinta, ki gaida surukarki, ki ba yarinyar haƙuri a gabanta ba tare da "amma" ba, ki miƙa dubu 20 ɗin. Sauran kuma ki yi tayin abin da za ki iya, ba abin da kunya za ta sa ki faɗa ba. In dubu 10 ne duk wata, ki ce dubu 10, a rubuta, ki cika. In kwasarki ta adashi ta kusa, kina iya ba ta rabi. Wata hanyar ita ce ki ɗauki nauyin wani abu a kayan ɗakin, zannuwan gado da turamen atamfa da turare, waɗanda ke kina samunsu a farashin sari, abin da zai kai mata dubu 60 ke bai ci miki haka ba. Abu biyu ne kawai na hana ki: cin bashi mai ruwa don ki wanke fuska, da taɓa zubin matan adashi ko da da niyyar mayarwa gobe. Wannan amanar ita ce ragowar jarinki na gaskiya.

Shi maigida da ya ce ki bar wayar, ki fahimce shi. Yana tsakanin mahaifiyarsa da matarsa, a majalisa ana nuna shi, kuma wataƙila yana tsoron ranar da jandarma za su yi sallama. Tsoron ba na banza ba ne. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a kan damfara, kuma wanda ya taya ana iya haɗawa da shi. Ke an cuce ki ne, shi ya sa nake so ki riga kowa zuwa. Ki tattara saƙonnin tura kuɗin da lambobinsu, lambobin wayar da aka tura wa, hotunan manhajar da bidiyon wanda ya tallata, ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, a kuma sanar da ANTIC mai kula da laifukan intanet. Ba zan yaudare ki ba, da wuya kuɗin su dawo. Amfanin shi ne sunanki ya shiga takarda a layin waɗanda aka zalunta. Game da wayar kuma kada ki ja da shi yanzu. Ki ce kin ji, ki nemi izinin saƙo ɗaya tak na gyara, sannan ki yi shiru wata biyu ko uku har ƙura ta lafa. In ya ga kina biyan ƙanwarsa wata bayan wata, maganar komawa za ta yi sauƙi, musamman in kika ce ya riƙa sauraron kowane saƙo kafin ya fita.

Kina da sauran baki? Kina da shi, ni a ganina ma yanzu ne kika samu. Da can aku kike, abin da kika ji shi kike maimaitawa. Kuskurenki ke nan, ba son koyar da mata ba. Idan kin dawo, ki tsaya a kan abin da ke cikin littafin lissafinki. Ki ɗauki turmi ɗaya ki bi shi tun daga sari: a ce kin saye shi dubu 7, kin sayar dubu 9, mace za ta ce ta ci dubu 2. To ki cire kuɗin mota, ki cire ladan yaron da ya kai, ki cire abin da aka yanka wajen tura kuɗi da cirewa, har da harajin kashi 0.2 da aka sa tun Janairun 2022, ki tuna da maƙwabciyar da ta ɗauki turmi biyu tun ƙaramar salla ba ta biya ba. Abin da ya rage shi ne riba, kuma mata da yawa ba su taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa suke cin uwar kuɗi suna zaton riba ce. Ki koya musu raba kuɗin sana'a da na cefane, ko da gwangwani biyu ne. Ki koya musu yadda kike rubuta zubi da kwasa har mutum goma sha biyu ba su taɓa faɗa ba. Ki yi maganar tanadin komawa makaranta tun kafin Satumba ta ƙwanƙwasa ƙofa, da sayen ɗan rago da wuri a yi kiwo kafin layya, da ajiye masara da kaka a sayar da damina, amma ki faɗi har da ƙwari da shekarar da farashi ya ƙi tashi. Ki yi ta nanata musu cewa ba ma'aikacin kamfanin waya da zai kira mutum ya nemi lambar sirrinsa, kuma mai cewa ya turo kuɗi bisa kuskure a duba asusu tukuna kafin a mayar. Wannan kaɗai zai tsare kuɗin mata fiye da yadda kike zato.

Ki kafa wa kanki iyaka kuma. Kada ki ƙara cewa kowa ya kai kuɗinsa wuri kaza, kada kuɗin kowa ya ƙara bi ta lambarki. Abin da ba daga littafinki ya fito ba, ki faɗi inda kika ji shi da ranar da kika ji. In an tambaye ki abin da ya fi ƙarfinki, ki tura mai tambayar inda za a ba ta amsa, ba a rage wa mutum daraja don haka. Kada ki kama sunan wani ki ce ɗan damfara ne ba da hujja ba, dokar intanet ta 2010 tana hukunta yaɗa labarin da ba za a iya tabbatarwa ba, ki bayyana dabarar kawai, mata za su gane mai ita. In kina son abin ya kawo miki ɗan taro, halal ne: ki tara mata biyar ko goma a tsakar gida ki koya musu rubuta lissafi a kan kuɗin da kowa ya sani, ko ki tallata kayan da za ki iya riƙewa a hannu, sabulu ko yaji ko ɗinki, ki kuma faɗa da bakinki cewa an biya ki.

Saƙon gyaran nan kuwa kada ya wuce minti biyu. Ki yi sallama, ki ce ni ce wance, wata kaza na ba ku labarin wata manhaja, na yi kuskure, damfara ce, ni ma na yi asara kuma wata ta yi ta dalilina. Ki ce duk wadda aka kira za a fito mata da kuɗinta kada ta tura komai. Ki nemi afuwa, ki roƙi duk wadda ta tura na farkon ta tura wannan ma inda ta tura wancan. Kada ki ambaci sunan ƙanwar maigidanki. Amma sai kin je gidan surukarki tukuna, kada yarinyar ta ji haƙurinki a wayar wata kafin ta ji shi a ɗakin mahaifiyarta. Ki yi ƙoƙari kafin Juma'ar nan, ki kuma rubuto mini yadda kuka yi da maigida.